Yadda za ki fito a uwar da ta rasa ɗa: abin da na koya wurin Helene Weigel

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar 'yan matan da nake koyarwa, kuma da wuya shekara ta wuce ba mu yi wasan da za a zo a gaya wa uwa cewa ɗanta ya rasu ba. Abin da yarinya za ta yi a wurin na san shi tun kafin ta yi. Za ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu, ta zube ƙasa tana birgima, ɗankwali ya yi nasa wuri, ƙawaye biyu su rirriƙe ta suna ba ta haƙuri. Can daga layin baya kuma sai ki ji dariya ta fara tashi. Ban taɓa ganin laifin masu dariyar ba. Ƙawarsu suka gani tana ƙoƙarin ƙaƙaro kuka, uwar ba ta iso dandamalin ba.

A shekarun farko ni na koya musu hakan, don ni ma abin da na gani a finafinai ke nan. Abin da ya sauya mini tunani wani tsohon fim ne baƙi-da-fari na 1961 da wata abokiyar karatuna ta turo mini. Wasan daɓe ne aka ɗauka, sunansa Mutter Courage und ihre Kinder, wato Uwa Mai Ƙarfin Hali da 'Ya'yanta, wanda Bertolt Brecht ya rubuta a 1939. Ba na jin Jamusanci, amma na karanta fassarar wasan a jami'a, don haka na san labarin. Kusan awa biyu da rabi na zauna ina kallon wata mace siririya mai shekara sittin, kunnena bai tsinci kalma ɗaya ba, amma babu abin da ya wuce ni. Sunanta Helene Weigel.

An haife ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 12 ga Mayu 1900, a gidan Yahudawa. Tana da shekara 19 ta samu aikin wasa a Frankfurt, a 1922 ta koma Balin, kuma a Jamus ta yi sunanta. Ta haɗu da Brecht a 1923, suka yi aure a 1929, suka haifi 'ya'ya biyu, Stefan da Barbara. Tun tana da shekara 31 aka ba ta tsohuwar uwa ta fito a cikinta, a wasan Die Mutter na 1932, kuma uwaye su ne suka zama gonarta har ƙarshen rayuwa. Abin da zan rubuta a nan shi ne hanyar da na tsamo daga aikinta, wadda nake bi da ɗalibaina. Da ke nake, ƙanwata, ko a makaranta kike wasa, ko a ƙungiyar unguwa, ko kina neman shiga fim.

Ki fara da sana'ar matar

Kafin ki tambayi abin da matar take ji a ranta, ki tambayi abin da take ci da shi. Uwar wannan wasa, Anna Fierling, 'yar kasuwa ce. Tana bin rundunonin soja a Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza a tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648, Katolika da Furotestan, tana sayar musu da takalma da riguna da abinci da abin sha daga amalankenta mai rumfa. 'Ya'yanta uku: Eilif, Schweizerkas, da Kattrin wadda bebiya ce. Yaƙin ke ciyar da ita, shi ne kuma ya cinye mata su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk lokacin da aka rasa ɗaya hankalinta yana wurin ciniki.

Weigel ta gina matar a kan hannunta. A fitowa ta farko, wani saje ya ja ta bayan amalanke yana taya kan bel, abokinsa kuma ya yi amfani da wannan damar ya yaudari babban ɗanta ya tafi da shi soja. Ita tana can tana gatsa kwabon da aka ba ta da haƙori don ta tabbatar ba jabu ba ne, ta jefa a lalitar fata da ke ƙugunta, ta rufe ta ƙas. Wannan ƙarar rufe lalita ana jin ta daga farkon wasa har ƙarshe. Kafin a kai ko'ina mai kallo ya riga ya san matar, don ya ga yadda take riƙe kuɗi.

To aikinki na farko a kasuwa yake. Ki bi mamanki ko yayarki cefane ranar Asabar, ki samu wuri kusa da mai kayan miya ko mai ƙosai, ki zauna awa guda. Ki duba inda take ajiye kuɗi, a bakin zane take ƙullewa ko a gwangwani ko ƙarƙashin faifai. Ki duba yadda take ɗaga yagaggiyar takardar kuɗi tana dubawa, da yadda take cewa "albarka" ba tare da ta ɗago kai ba, da yadda take yi wa ɗanta faɗa hannunta bai daina awo ba. Ki dawo da abu uku kacal. Idan uwar da za ki fito a cikinta ba 'yar kasuwa ba ce, tana da wani aikin: daka, kitso, ɗinkin hula, wankau, koyarwa. A wasan Die Gewehre der Frau Carrar, wanda Weigel ta yi a Faris a 1937, matar masunci ce a ƙasar Sifen lokacin yaƙin basasa, kuma a gaban 'yan kallo take gyaran koma, tana haɗa burodi ta sa a murhu. Duk gardamar da ake yi a ɗakin, hannunta yana kan aiki.

Daga nan ki zaɓi kayan wasanki da kanki, kada ki bar wa wani. Weigel ta shahara da wannan har Brecht ya yi waƙa guda a kan yadda take zaɓen kayanta: cokalin ƙarfen da take soke wa a gaban rigarta, da komar matar masunci, da tasar tagullar da ta riƙe a wasan Antigone. Tsofaffin kaya take nema, waɗanda hannu ya goge. Mu kan yi sakaci a nan. Za a fito da matar talaka da sabon zane mai sitaci da ƙwarya fil daga kasuwa. Ki je wurin kakarki ki aro tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, da zanen da ya sha wanki, ki riƙa bita da su tun makon farko har hannunki ya saba, ki iya ɗaukar su ba tare da kin duba ba.

Kada ki nema mata afuwa

Wannan shi ne mataki mafi wuya, don kowace 'yar wasa tana son a so ta. An fara nuna wasan a Zurik ta ƙasar Suwizalan a watan Afrilu 1941, wata gwanar 'yar wasa Bajamushiya, Therese Giehse, ta fito a uwar. Jaridu suka yi ta yabon juriyar uwa da irin wahalar da ƙaddara ta ɗora mata. Brecht bai ji daɗin wannan fahimta ba, don shi so yake a ga hannun matar a cikin abin da ya same ta. Sai ya gyara wasu wurare kafin a nuna shi a Balin. Akwai inda aka kawo manoman da suka ji rauni, ana neman ƙyallen ɗaure ciwo, ita kuma ta tare ƙofar amalanke ta hana rigunan da ta saro, sai da limamin soja ya ɗauke ta cak daga kan matakala ya ɗebo su. Weigel ba ta sassauta wurin ko kaɗan ba. Ta yi rowar da gaske, da fuska a murtuke.

Ki ɗauki takardar wasanki da fensir, ki nemo duk inda matar ta yi zaɓi. A kowane wuri ki rubuta abin da ta yi, a gefensa kuma abin da za ta iya yi amma ba ta yi ba. Za ta iya miƙa rigunan, ta hana. Za ta iya biyan kuɗin nan take, ta tsaya neman ragi. Wannan dabara ta Brecht ce, kuma amfaninta a jiki yake fitowa: idan kin san ɗaya hanyar, za a ga ɗan jinkiri a ƙafarki ko a hannunki kafin ki bi wadda aka rubuta, mai kallo kuma zai gane cewa ba dole ne abin ya kasance haka ba. Ni a ganina tausayin da ake ji wa mace mai laifi ya fi nauyi, ya fi daɗewa a rai, don irinta muke gani a gidajenmu da madubinmu.

Akwai wata bita da nake sa su yi a mako na biyu, ita ma daga rubuce-rubucen Brecht na same ta. Maimakon yarinya ta faɗi layinta kai tsaye, sai ta faɗe shi kamar mai ba da labari: "Sai ta miƙe, ta dubi sajen, ta ce ba ta san shi ba." Tana faɗi tana aikatawa. Da farko abin yakan yi musu banbaraƙwai, amma mu da muka tashi da tatsuniya ba baƙonmu ba ne. Kaka tana yin muryar Gizo da ta Ƙoƙi, ba ta taɓa mancewa ita ce kaka ba, tana kuma lura da wanda ya fara gyangyaɗi. Bayan kwana uku a haka, ki koma faɗin layin yadda yake. Za ki tarar kin daina neman kuka a maƙogwaro, kin koma lura da abin da matar take yi.

Ihun da ba a ji

Ga wurin da ya sa nake wannan rubutu. A fitowa ta uku, sojojin Katolika sun kama Schweizerkas, wanda shi ne mai riƙe akwatin kuɗin rundunar Furotestan, kuma za a iya fansarsa da cin hanci na gulden 200, wato kuɗin wancan zamanin. Kuɗin ba za su samu ba sai ta jinginar da amalanken, abin da ita da 'yarta bebiya suke ci da shi. Sai ta ce a taya 120. Aka je aka dawo, aka ƙi. Kafin ta amince da 200 lokaci ya ƙure. Tana zaune ta ji ƙarar harbin da aka yi masa daga nesa.

Abin da Weigel ta yi: tana zaune a kan kujera, hannuwanta a cinya sun damƙe siket, kai ya tafi baya, baki ya wage iya wagewa, kuma babu sautin da ya fito. Hoton wannan wuri yana cikin sanannun hotunan wasan daɓe na ƙarni na ashirin. Brecht ya rubuta cewa mai yiwuwa ta samo shi daga wani hoton jarida na wata mata da ke durƙushe kan gawar ɗanta lokacin da ake ruwan wuta a Singafo, ko da yake da aka tambaye ta ba ta tuna ba. Idonta ya adana abin shekaru, jikinta ya fito da shi ranar da ake buƙata.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Sojojin sun kawo gawar a makara don su gane ko akwai wanda ya san shi, kuma idan ta nuna ta san shi ita da Kattrin sun shiga uku. Ta tashi ta je ta duba, ta girgiza kai. Aka sake tambaya, ta sake girgiza kai. Sajen ya ce a jefa shi ramin mushe tunda ba shi da kowa.

Ranar da na fara kallon wannan wuri gwaggona na tuna. Da aka zo mata da labarin ɗanta ya rasu a hatsarin mota, tana tsintar wake a faifai. Ta yi salati a hankali, sannan ta ci gaba da tsintar. Ina yarinya a lokacin, ina tsaye a bakin ƙofa, na ga tana ware tsakuwa tana mayar da ita cikin waken, tana zubar da waken a ƙasa. Ta daɗe a haka kafin wata ta zare faifan daga hannunta. A zaman makoki kuma da carbi ta zauna, ana "ya haƙuri" tana amsawa, ba wanda ya ji muryarta ta tashi. Haka akasarin iyayenmu suke. Addini ya hana kururuwa a kan mamaci, ga kara, ga kunyar da ta sa uwa ba ta ko kama sunan ɗan fari. Birgimar da muke yi a dandamali ba daga gidajenmu muka ɗauko ta ba.

To ga yadda za ki gina wurin. Ki fara da nemo dalilin da ya sa matar ba za ta iya ihu ba. Dole a samu dalili a cikin labarin: akwai maƙiyi a kusa, ko surukai na zaune, ko ƙaramin yaro na barci a cinyarta, ko tana tsoron idan ta fara ba za ta iya tsayawa ba. In babu dalili, shirun ya zama ado. Sannan ki ba hannunki aiki kafin labarin ya iso, ki yanke shawarar abin da zai samu aikin: zai tsaya cak, ko zai ci gaba a karkace kamar waken gwaggona. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe shi a kowace bita.

Sai numfashi. Ki fitar da iskar ƙirjinki duka kafin ki buɗe baki, don idan akwai iska a ciki sauti zai kuɓuce, ko ki matse maƙogwaro har ya yi miki ciwo. Ki ƙirga a zuci, biyar ko shida, kada ki wuce haka a farko. Idan da hijabi ko mayafi kike wasa, ki sani ya taimake ki, don ya zagaye fuskar ya tattara idon mai kallo wuri guda. Ki dai ɗaure shi yadda ba zai zame ba idan kai ya tafi baya. Abin da ya biyo bayan ihun shi ya fi muhimmanci: rufe bakin, da mayar da fuska yadda take, don ga mutane sun shigo. A nan ne zauren yake yin tsit.

Kuma kada ki kwaikwayi hoton Weigel ƙwabo da ƙwabo. Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta gwada wage bakin sau da yawa bai zauna mata ba. Rannan ta ce, "Malama, in gwada yadda na ga Innarmu ta yi?" Sai ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, idanunta a buɗe. Shi muka ɗauka. Ranar wasa ba wanda ya yi dariya, kuma na ga wata uwa a layi na biyu ta sunkuyar da kai har aka rufe labule.

Da kin samu abin da ya zauna, ki adana shi. Ƙungiyar su Weigel tana da al'adar ɗaukar hotuna ɗaruruwa na kowane wasa, daki-daki, a haɗa su littafi tare da bayanin inda kowa ya tsaya da dalilin tsayuwarsa. Ruth Berlau, abokiyar aikin Brecht, ita ce ta ɗauki da yawa daga cikinsu. Ke waya ta ishe ki. Ki sa wata ta tsaya a tsakiyar zaure ta ɗauki hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, sannan ki nuna wa wanda bai san labarin ba. Idan ya iya gaya miki wace ce uwa, wa ke da iko a ɗakin, me ya faru, to tsayuwarku ta yi. Idan ya kasa, a sake.

Idan aka raba ki da dandamali

Da yawa daga cikin ɗalibaina suna barin wasa da zarar sun gama makaranta, wasu aure, wasu gida ya hana, wasu babu inda za su yi. Su nake ba wannan ɓangare na tarihinta. Ranar 28 ga Fabrairu 1933, kashegarin gobarar majalisar dokokin Jamus, ita da Brecht suka bar Balin, don ita Bayahudiya ce kuma dukansu 'yan gurguzu, ga Hitler ya hau mulki. Suka zauna a Denmak har 1939, sai Suwidin, sai Finlan, a 1941 suka ratsa Rasha a jirgin ƙasa har Vladivostok, suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka, suka zauna a Santa Monica har 1947. Marubuci yana iya rubutu a ko'ina. 'Yar wasa kuwa harshenta ne jarinta, kuma a duk ƙasashen nan ba masu jin nata. Shekara goma sha biyar, daga tana 32 har ta kai 47, in ban da 'yan wasanni kaɗan a gaban 'yan gudun hijira, girki take yi da ɗinki da renon yara da neman takardun tafiya. A Hollywood abin da ta samu shi ne 'yar fitowa ba magana a fim ɗin The Seventh Cross na 1944. Zaman auren ma ba mai sauƙi ba ne, don Brecht yana da wasu matan kuma ta sani. Raina yakan ɓaci idan na ga an taƙaita ta da "matar Brecht", alhali wasanninsa a jikinta duniya ta fara gane yadda ake yin su.

Da suka dawo Turai, a watan Fabrairu 1948 aka shirya Antigone a wani ƙaramin gari na Suwizalan mai suna Chur, kuma ɗaya daga cikin dalilan shirya shi shi ne a ga ko har yanzu tana iyawa. Tana iyawa. Ranar 11 ga Janairu 1949 ta shigo a kan amalanken Mutter Courage dandamalin gidan wasa na Deutsches Theater a Balin ta Gabas, a birnin da yaƙi ya mayar kufai, gaban mutanen da su ma sun rasa 'ya'ya. Ta yi wannan uwa sama da sau 400. Abin da na fahimta shi ne shekarun nan ba su tafi a banza ba, don idonta bai daina aiki ba. Wadda ta yi shekaru tana lissafin kuɗin cefane a ƙasar da ba tata ba ta san nauyin kwabo a tafin hannu. Ke ma in an raba ki da dandamali, ki riƙe ɗan littafi, ki riƙa rubuta abin da kika gani a asibiti da gidan suna da tasha, ki riƙa karatu da ƙarfi ko na minti goma a rana don murya kada ta kwanta.

Ita ce kuma ta shugabanci ƙungiyarsu ta wasan daɓe, Berliner Ensemble, daga kafa ta a 1949 har rasuwarta, shekara 22, a ƙarƙashin gwamnatin Jamus ta Gabas mai ba da kuɗi tana kuma sa ido kan abin da ake faɗa. A 1954 suka samu gidan wasa nasu, Theater am Schiffbauerdamm, a shekarar kuma suka kai wasan Mutter Courage Faris. Brecht ya mutu ranar 14 ga Agusta 1956, bayan mako biyu ta jagoranci ƙungiyar zuwa Landan kamar yadda aka tsara. An san ta da kula da cin 'yan wasanta da matsuguninsu da 'ya'yansu. Wannan ma na ɗauka: ba na fara bita sai na tabbatar kowace yarinya ta ci abinci, kuma na san yadda za ta koma gida kafin magariba.

In fim za ki yi, ki rage komai. Fim ɗin 1961, wanda Peter Palitzsch da Manfred Wekwerth suka ba da umarni a kamfanin DEFA, wasan daɓe ne aka ɗauka, saboda haka motsinta na mai son a gan shi daga kujerar ƙarshe ne. Kyamara tana kusa da ke kamar mai zaune a tabarma ɗaya. Abin da kai da wuya suke yi a daɓe, a fim ido da muƙamuƙi sun isa. Amma aikin hannu yana nan yadda yake, ki ma roƙi darakta ya ɗauki hannun.

Kwabo ɗaya

Ki kalli fitowar ƙarshe sau uku kafin ki rufe fim ɗin. An harbe Kattrin a kan rufin ɗaki tana buga ganga don ta tashi mutanen birnin Halle da ake shirin afka wa cikin dare. Uwar ta dawo daga saro kaya a cikin gari ta tarar da gawa. Ta zauna ta yi mata waƙar reno, tana cewa barci take. Da manoman suka lallashe ta ta yarda, sai ta buɗe lalita don ta ba su kuɗin binnewa. Weigel ta zaro kuɗin, ta duba, ta mayar da kwabo ɗaya, ta miƙa sauran.

Da na nuna wa ɗalibaina wurin, ɗaya ta ce, "Malama, ashe ba ta son 'yarta?" Na ce ta sake kallo, ta dubi fuskar a lokacin da hannun yake mayar da kwabon. Matar ba ta ma san ta yi ba. Hannun ne ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, a ranar da ba ta da sauran wanda za ta tara wa. Ki nemo wa uwar da za ki fito a cikinta irin wannan kwabo: ƙaramin abu guda na sana'arta da kika shuka tun fitowar farko, kika maimaita sau biyu ko uku a tsakiya, sannan ya dawo a ƙarshe. A wasanmu na bara, mai sayar da koko ce, kuma kullum takan ware ludayi guda a kofi ta rufe wa ɗanta kafin ta fita talla. Kashegarin rasuwarsa ta ware, ta rufe, ta ɗauki tulun ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta ga kofin.

Weigel ta yi wasanta na ƙarshe a watan Afrilu 1971 a Nanterre kusa da Faris, a Die Mutter, uwar da ta fara fitowa a cikinta shekara 39 kafin nan. Ta rasu ranar 6 ga Mayu 1971, saura kwana shida ta cika 71, aka binne ta kusa da Brecht a maƙabartar Dorotheenstadt, jikin gidan da suka zauna a titin Chausseestrasse. A farkon wasan 'ya'yanta maza biyu ne ke jan amalanken tana zaune a sama da Kattrin. A ƙarshe ita kaɗai take saɓa igiyar, ta sunkuya har kanta ya kusa gwiwa, ta ja. Idan za ki gwada wannan a bita, ki sa duwatsu ko buhun yashi a cikin amalanken, kada ki yi kamar yana da nauyi, ki bari ya yi nauyin.